Fashin Baƙi: Kiwo Ne Ke Kashe Ƙasa, Ko Yadda Ake Tafiyar da Shi?

Dabbobi ne ke cinye ƙasa har ta koma faƙo, ko su ne ke raya ta? Tsohuwar gardama ce, amma ta sake kunno kai tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar filayen kiwo da makiyaya, bisa shawarar ƙasar Mongoliya. A 2024 kuma, hukumar Majalisar mai yaƙi da kwararowar hamada ta fitar da rahoton da ya ce filayen kiwo sun kai kashi 54 cikin ɗari na doron ƙasa, kuma waɗanda suka lalace a cikinsu za su iya kai rabi. Wasu suka ce ai ga hujja nan, a rage dabbobi, a killace sauran. Wasu kuma suka ce killacewar ce ma ta jawo ɓarnar. Kowane ɓangare in ya tashi magana sai ya ce "bincike ya nuna". To wane bincike ne, kuma me ya nuna?

Wane irin bincike ake nufi?

Akwai binciken da ake yi don sanin yadda abu yake kawai, kamar yadda ƙwayoyin halitta a tumbin saniya ke narkar da ciyawa. Akwai kuma wanda ake yi don a warware wata matsala da ke damun mutane yanzu: me ya sa wannan fili ya daina fitar da ciyawa, me za a yi, nawa zai ci, kuma mai filin zai iya ci gaba da yi bayan masana sun tattara komatsansu? Wannan na biyun shi ne binciken aiki. Ma'auninsa ba yawan takardun da aka wallafa ba ne. Ana auna shi da ko manomi da makiyayi sun ɗauka sun riƙe.

Labarin cutar bushiya, annobar da ke kashe shanu, ya nuna bambancin. An daɗe da samun allurar rigakafinta mai kyau, wadda wani likitan dabbobi, Walter Plowright, ya samar, sai dai tana lalacewa in ba a cikin sanyi ba. Saboda haka garkunan da ke lungunan da babu firji, babu hanya, ga yaƙi, suka ci gaba da riƙe cutar. Abin da ya karya lagonta shi ne gyara allurar ta jure zafi, da horar da makiyaya su yi wa dabbobinsu da kansu a wurare irin su Kudancin Sudan da yankin Afar na Habasha, da kuma zama da su a tambaye su inda suka ga alamun cutar. A 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Abubuwa biyu ake dubawa a wannan gardama ta kiwo: ɗorewa da gado. Ɗorewa tana nufin a ci amfanin ƙasa ba tare da an rage wa na baya abin da za su ci ba. Wahalar auna ta ita ce ƙasa ba ta saurin nuna ciwonta. A tashar bincike ta Rothamsted a Ingila akwai filin ciyawa da ake gwaji a kansa tun 1856. Tsawon lokacin ne ya nuna cewa ɓangaren da ake ɗura wa takin zamani mai yawa yana ba da ciyawa mai yawa, amma ire-iren tsirransa suna raguwa ƙwarai. Aikin shekara uku ba zai taɓa ganin wannan ba, kuma mafi yawan ayyukan raya karkara shekara uku zuwa biyar ake ba su.

Gado kuma a nan ya wuce kufai da kayan tarihi. Ya haɗa da irin dabbobin da aka gada, da burtali da mashaya, da katangun dutse da matakalan gona a jikin tsauni, da sanin lokacin tashi da na sauka da garke.

Inda tunanin "a killace su" ya samo asali

A 1968 wani masani Ba'amurke, Garrett Hardin, ya wallafa maƙalar da ta yi tasiri fiye da kima. Ya ce a ƙaddara fili ne na kowa da kowa. Duk makiyayin da ya ƙara saniya ɗaya ribar tasa ce shi kaɗai, ɓarnar kuwa a raba da kowa, don haka kowa zai yi ta ƙarawa har filin ya mutu. Mafita a wurinsa ita ce ko a mallaka wa mutum ɗaya, ko hukuma ta karɓe. Lissafin ya shiga kai, ya kuma dace da abin da jami'an kiwo suka koya daga gandayen kiwo na Amurka da Ostireliya, cewa kowane fili yana da adadin dabbobin da zai iya ɗauka, in aka wuce shi sai lalacewa.

A kan wannan aka zuba kuɗi masu yawa. A Kenya aka yanka ƙasar Masai zuwa gandayen kiwo na rukuni tun ƙarshen shekarun 1960, daga baya aka rarraba da yawansu ƙanana-ƙanana. A Botswana aka kawo tsarin filayen kiwo na 1975. Abin da aka yi ta gani shi ne masu hali sun kama rijiyoyin burtsatse da filayen da ke kewaye da su, in ciyawar cikin shingensu ta ƙare su koro shanunsu filin jama'a, talaka kuwa ba shi da ikon shiga nasu. In fari ya zo, garken da ke cikin shinge ba shi da inda za shi.

Kuskuren Hardin shi ne ya ɗauki filin jama'a a matsayin filin da ba shi da mai shi. Elinor Ostrom, mace ta farko da ta karɓi kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta tattara misalan al'ummomin da suka yi ɗaruruwan shekaru suna kiwo da ban ruwa tare ba su kashe ƙasarsu ba. Ɗaya daga ciki ƙauyen Törbel ne a tsaunukan Suwizalan. Mutanensa suna da rubutacciyar yarjejeniya tun 1483, kuma a 1517 suka kafa ƙa'idar cewa ba wanda zai kai makiyayar tsauni shanun da suka fi waɗanda zai iya ciyarwa a gidansa lokacin hunturu. Ƙa'ida ce mai wayo, domin kowa ya san girman rumbun ciyawar maƙwabcinsa, ba sai an ɗauko ɗan sanda ba. Ostrom ta ga cewa inda abin ya yi aiki an san iyakar fili, an san masu haƙƙi, su ne suke tsara dokar, akwai mai sa ido, akwai tara da ke ƙaruwa in an maimaita laifi, kuma gwamnati ba ta zuwa ta rushe abin da suka shirya.

A ƙasar fari, ruwan sama ne ke yanke hukunci

Nan ne binciken fili ya fi girgiza tsohon tunani. A shekarun 1980 wasu masana, Jim Ellis da David Swift, sun bi makiyayan Turkana a arewacin Kenya shekara da shekaru suna auna ruwa da ciyawa da dabbobi. Abin da suka bayyana a 1988 shi ne, a inda damina ba ta da tabbas, bana ambaliya baɗi fari, yawan ciyawa yana bin ruwan sama ne fiye da yadda yake bin yawan bakunan da ke cin ta. Kafin dabbobi su yi yawan da za su kashe filin, fari ya zo ya rage su. Irin ciyawar yana kwance a ƙasa, da ruwa ya sauka sai ya tashi. A irin wannan wuri, tsayar da adadi guda a ce shi ne abin da fili zai ɗauka kowace shekara ba ya aiki: a shekarar albarka a bar ciyawa ta bushe a banza, a shekarar fari adadin ya yi yawa. Dabarar da ta dace ita ce a bi ruwan inda ya sauka, wato abin da makiyaya suke yi tun asali ake ce musu marasa tsari.

Tun a 1983 wasu masana 'yan Holan, Breman da de Wit, suka kwatanta garkunan da ke tashi da sauka a Mali da gandayen kiwo na Amurka da Ostireliya masu irin wannan ƙarancin ruwa. A kowace hekta, garken yawo ya fi samar da furotin ninki biyu ko fiye. Inda gandun kiwo ya yi fice shi ne abin da ma'aikaci ɗaya ke samarwa. Wato tsari ne na ƙasar da fili ya yi yawa mutane suka yi kaɗan, kuma ba kowace ƙasa ce haka ba.

Hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙara tabbatar da haka a tsakiyar Asiya, inda fili iri ɗaya ya ratsa Rasha da Mongoliya da Sin. A 1998 wani masani, David Sneath, ya nuna cewa a ɓangaren Rasha, inda aka zaunar da dabbobi a gonakin gwamnati, kusan kashi uku cikin huɗu na filin ya lalace. A ɓangaren Sin fiye da kashi ɗaya cikin uku. A Mongoliya, inda aka ci gaba da yawo da garke, kusan kashi ɗaya cikin goma ne kawai.

Sai dai masu kare kiwo kan tsaya a nan, alhali labarin bai ƙare ba. Bayan rushewar tsarin gurguzu a 1990, dabbobin Mongoliya sun tashi daga wajen miliyan 25 zuwa wajen miliyan 70 a 2019, da yawansu awaki saboda kasuwar gashinsu mai laushi. Rijiyoyin nesa suka lalace ba mai gyara, mutane suka taru kusa da garuruwa da manyan hanyoyi, yawon ya ragu, kuma yanzu ƙasar da aka yi misali da ita tana kukan lalacewar fili. Matsanancin hunturun 2009 zuwa 2010 ya kashe miliyoyin dabbobi, haka ma na 2023 zuwa 2024. Ashe yawan dabbobi yana ɓarna, musamman inda ruwan sama ke da ɗan tabbas, da bakin rijiya, da duk inda garke ya yi zaman dirshan. Ciyawa tana jure a ci ta. Abin da ba ta jurewa shi ne a sake cin ta kafin ta farfaɗo.

Itatuwan da ba wanda ya dasa

A ɓangaren gona ma an yi irin wannan juyi. Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi wajen rainon dashe a yankin Sahel, mafi yawansu suka mutu. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a yankin Maraɗi na Nijar, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Aikin kawai shi ne a zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su. Ba ban ruwa, ba sayen dashe, kuma itacen yana saurin girma saboda saiwar ta riga ta kai ga laima. Da masana suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, sai suka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A wurare da dama gawo ne ya fi yawa, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar wa shuka rana, ya yi ganye da 'ya'ya da rani lokacin da dabbobi ke neman abinci.

Dabarar ba sabuwa ba ce, manoma sun san ta. Abin da ya hana su a da shi ne doka: itace na hukuma ne, ko a gonarka yake, in ka sare reshe jami'in gandun daji ya ci ka tara. Wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai gonaki suka cika. A ganina wannan ne babban abin da binciken ya gano, ya fi dabarar datse reshe muhimmanci.

Haka ma a gundumar Machakos ta Kenya, wadda Turawan mulki suka yanke wa ƙauna a shekarun 1930 saboda zaizaya, jama'a sun ninka wajen sau biyar zuwa 1990, amma zaizayar ta ragu, domin mutane sun gina matakalai a gonakinsu da suka samu kasuwar Nairobi da tabbacin mallaka. Masu bincike na baya sun ƙara da cewa ba kowa ya amfana daidai ba, masu kuɗin shiga daga birni ne suka fi iya ɗaukar lebura su gina.

Gadon da ke aiki

A Turai matsalar ta juye. Can ƙasa na lalacewa ne saboda an watsar da kiwo. Yankin Burren a yammacin Ailan tudu ne na farin dutse, inda aka gaji al'adar kai shanu kan tudu da hunturu, akasin sauran wurare, saboda dutsen yana riƙe ɗumi kuma ba ya taɓo. Shanun suna cinye busasshiyar ciyawa, in bazara ta zo furanni iri-iri su samu sarari. Da manoma suka koma ciyar da shanu a rumfa da ciyawar ajiya, sai sarƙaƙiya ta fara rufe filayen, har da tsofaffin kaburbura da katangun dutse na dubban shekaru. Dokokin kare muhalli da aka rubuto daga ofis, masu cewa kada a yi kaza kafin ranar kaza, ba su hana komai ba.

Wani mai bincike, Brendan Dunford, ya zauna da manoman, kuma daga 2005 aka fara gwaji a gonakinsu. Aka auna ciyawar tudun aka ga sinadaran da ta rasa, aka haɗa ɗan abincin ƙari da zai cike giɓin ba tare da ya ƙosar da saniya ta daina kiwo ba. Aka gyara mashaya da hanyoyi. Sannan aka sauya yadda ake biyan tallafi: kowace shekara a zagaya fili a ba shi maki har zuwa goma, gwargwadon lafiyar ciyawa da ruwa da ƙasa, mai maki da yawa ya karɓi kuɗi da yawa. Yadda zai kai ga makin kuwa, wannan ruwansa ne, shi ya san filinsa.

Sifaniya tana da burtalai da tsawonsu ya kai kilomita 125,000, kuma dokar 1995 ta kare su a matsayin dukiyar jama'a. Bincike ya nuna tumaki suna ɗaukar irin tsirrai a gashinsu da kashinsu su kai shi nesa, suna haɗa filayen da hanyoyi da gonaki suka raba. A yankin Andalusiya ana biyan makiyaya su yi kiwo a layukan tare gobara, domin ciyawar da ba a ci ba ita ce makamashin wutar daji. A 2019 hukumar UNESCO ta sa tashi da saukar garke cikin gadon ɗan'adam, bisa buƙatar Ostiriya da Girka da Italiya.

Irin dabbobi ma gado ne, kuma shi ne ya fi saurin salwanta. Shanun Ndama na tsaunukan Futa Jalon a Gini ƙanana ne, nononsu kaɗan, amma suna rayuwa a inda ƙudan tsando ke kashe wasu da sammore. Jajayen tumakin Masai suna jure tsutsar ciki, sai aka yi ta haɗa su da tumakin Dorper na Afirka ta Kudu masu nama, har na asalin suka yi wuyar samu, da fari ya zo kuma barbarar yanyawan suka fi mutuwa. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya na 2015 ya ce kashi 17 cikin ɗari na ire-iren dabbobin gida suna cikin haɗarin ɓacewa, kuma fiye da rabi ba a ma san halin da suke ciki ba.

Batun ɗumamar yanayi

Nan masu sukar kiwo suna da hujja mai ƙarfi. Shanu da tumaki suna fitar da iskar metan in suna gyatsa, kuma tana cikin iskokin da ke ɗumama duniya. Hukumar Abinci ta ƙiyasta rabon dabbobi a cikin irin waɗannan iskokin da ayyukan ɗan'adam ke fitarwa da kashi 18 cikin ɗari a 2006, da 14.5 a 2013, da 12 a 2023, bambancin ya fi zuwa daga sauyin hanyar lissafi. A dajin Amazon na Birazil, mafi yawan inda aka sare ya koma filin shanu ne. Wannan ba abin karewa ba ne.

Masu kare kiwo suna amsawa da cewa an zuba kowa a kwando ɗaya: mai sare daji, da mai ɗura wa shanu masara a rumfa, da mai garke a faƙon da ba abin da zai tsiro sai ciyawa. Wani binciken hukumar na 2017 ya nuna kashi 86 cikin ɗari na abin da dabbobi ke ci a duniya ba abin da mutum zai iya ci ba ne. Wannan gaskiya ne. Amma wasunsu sun zarce, irin su Allan Savory na Zimbabuwe, wanda ke cewa tara dabbobi da yawa ana juya su daga yanki zuwa yanki zai iya farfaɗo da hamada ya kuma shanye iskar kabon mai ɗumama duniya. Da David Briske da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwajen shekaru a 2008, ba su ga wannan juyin ya fi kiwo mai matsakaicin adadi ba. Ƙasa tana ajiye kabon, amma tana cika, kuma fari ko garma na iya sake shi.

Abin da zai taɓa mai gona da mai garke

Na farko shi ne takardar fili. Rajistar ƙasa tana kare manomi, amma in ba a yi hattara ba tana share haƙƙin wanda ke zuwa wata uku a shekara ya yi kiwo ya wuce, da na matan da ke tsintar itace da 'ya'yan itatuwa, domin takarda suna ɗaya take ɗauka. Shi ya sa masu binciken aiki ke matsa wa a yi taswirar burtali da mashaya tare da masu amfani da su, a ba su matsayi a doka kamar yadda Sifaniya ta yi.

Na biyu shi ne kuɗin kabon, wato wanda ake biya don fili ya ajiye kabon, da na dashen itatuwa. Kamfanoni na neman fili mai faɗi, kuma filin kiwo a taswira kamar ba kowa yake. Masana ciyayi sun sha gargaɗi cewa dasa itatuwa a filin da asalinsa ciyawa ne yana shanye ruwan ƙasa, yana korar tsirrai da namun da suka saba da sarari. Duk al'ummar da aka kawo wa irin wannan yarjejeniya ya kamata ta tambayi shekara nawa za ta ɗaure ta, wa zai karɓi kuɗin, da kuma ko garke zai iya fita daga tsarin in fari ya zo.

Akwai kuma inshorar dabbobi da aka fara gwadawa a Marsabit ta Kenya a 2010, ƙarƙashin cibiyar binciken dabbobi ta ILRI. Ba a zuwa ƙirga gawa. Tauraron ɗan'adam ne ke auna koren fili, in ya faɗi ƙasa da wani mizani a biya duk wanda ya saya a yankin. Iyalan da suka samu biya sun rage sayar da dabbobi a wulaƙance da rage cin abinci lokacin fari. Amma masu saye ba su yi yawa ba in babu tallafi, kuma akan samu wanda dabbobinsa suka mutu bai samu ko sisi ba, saboda daga sama filin kore ne, alhali koren na tsiron da dabba ba ta ci ne. Masu binciken sun koma biyan kuɗin da wuri, tun dabbobi na da rai, don a sayi abinci da ruwa da magani, kuma gwamnatin Kenya ta ɗauki wannan salon a shirinta na 2015.